An Goge Wa Iya Zanenta

Albam ɗin bikin ƙanwata ya iso gida sati uku bayan an kai amarya. Muka baje shi a tabarma bayan la'asar, ana miƙa wa juna. Da ya zo hannun Iya, kakarmu, ta daɗe a kan shafi guda, sannan ta ɗora yatsa a kan wata tsohuwa da ke zaune kusa da amarya, ta ce, "Wannan kuma wace ce?"

Ita ce. Mayafinta ne, carbinta ne a hannu, amma fuskar ta wata ce daban. Iya Bagobira ce. Zanen Gobirawa ya kwanta mata a kunci biyu tun tana cikin zanen goyo, shekara tamanin da ɗoriya ke nan tana yawo da shi. Yaron da ya yi aikin hotunan ya bi zanen nan ɗaya bayan ɗaya ya shafe, ya goge tamojin goshi, ya ƙara mata haske har ta koma kamar wadda rana ba ta taɓa gani ba. Da na kira shi a waya, cikin ladabi ya amsa mini, kuma har zuciyarsa yake magana: "Malam, ai gyara na yi wa Hajiya. Kowa haka yake so a yi masa."

Na ba wasu abokaina wannan labari, sai da yawansu suka yanke hukunci nan take. Suka ce ai editin ɗin nan gaba ɗayansa ƙarya ne, a bar hoto yadda kyamara ta ɗauko shi, duk wanda ya sa masa hannu ya ci amana. Raina ya ɓaci da abin da aka yi wa Iya, amma ban yarda da su ba. A ganina, sa wa hoto hannu sana'a ce mai daraja, kuma tana cikin abubuwan da matasanmu suka fi ƙwarewa a kai yau. Abin da ke damuna shi ne inda muke zubar da wannan ƙwarewa. Mun iya yanka da haɗawa da shafewa, amma kusan duk a ɓoye fuskokinmu muke ƙarar da iyawar, alhali da ita za mu iya faɗin abin da kyamara ita kaɗai ba za ta iya faɗa ba.

Masu cewa a bar hoto yadda yake suna tunanin an taɓa yin wani zamani da hoto yake tsantsar gaskiya, sai kwamfuta ta zo ta ɓata shi. Ba a taɓa yin wannan zamani ba. A 1839 aka sanar da duniya dabarar ɗaukar hoto a Faransa. Shekara guda bayan nan, wani Bafaranshe mai suna Hippolyte Bayard, wanda yake ganin an danne masa haƙƙinsa na ƙirƙira, ya ɗauki kansa hoto kamar gawar wanda ya nutse a ruwa, don ya nuna ɓacin ransa. A 1857, Oscar Rejlander a Ingila ya haɗa nagetif kusan 30 ya fitar da hoto guda mai ɗauke da mutane da yawa waɗanda ba su taɓa tsayawa wuri ɗaya ba, har Sarauniya Victoria ta sayi kwafinsa. Manhajar Photoshop kuwa sai a 1990 ta fito kasuwa. Abin da ta yi shi ne ta mayar da aikin kwana uku a ɗakin wanke hoto ya zama na minti goma.

Ba ma sai mun tafi Turai ba. Duk wanda ya girma ya tarar da situdiyon unguwa ya san labulen nan da ake tsayawa a gabansa: wani da zanen bene, wani da jirgin sama, wani da lambu mai korama. A ba ka tarho marar waya ka kara a kunne, a ajiye maka fulawar roba a gefe. Alhazai sun sha dawowa da hoton da aka ɗauke su a gaban labule mai zanen Ka'aba. A Bamako, Seydou Keïta ya buɗe situdiyonsa a 1948, labulensa na farko ma zanen gadonsa ne, yana ajiye rediyo da agogo da alƙalami da kwat don masu zuwa su ara su ɗauki hoto da su. Yau hotunan nan suna rataye a manyan gidajen adana fasaha na duniya. A ƙasar Yarbawa kuma, masu bincike sun tarar a shekarun 1970 cewa idan ɗaya cikin tagwaye ya rasu, wasu iyayen sukan kai mai ran wajen mai hoto, a buga shi sau biyu a takarda ɗaya, ya zauna kusa da kansa, ya tsaya a madadin ɗan'uwansa. Wa aka yaudara a nan? Uwar ta san ɗanta ya rasu. Mai hoton ya sani. Duk wanda ya shigo ɗakin ya ga hoton ya sani. Hoton yana faɗin wata gaskiya ce da ke cikin zuciyar uwar, wadda ba ta tsayawa a gaban kyamara.

Ita kanta kyamarar ba 'yar ba-ruwanmu ba ce. Tun daga shekarun 1950, kamfanin Kodak yana raba wa masu wanke hoto wani kati mai hoton Baturiya, da shi ake daidaita launi. Fim ɗin da aka auna da farar fata, idan ya zo kan baƙar fata sai ya haɗiye kamannin mutum, ya bar haƙora da fararen idanu. Cikin waɗanda kokensu ya sa aka gyara har da masu sayar da cakulan da masu kayan katako, saboda launin hajarsu ba ya fita a talla. Wayar da ke aljihunka ma, kafin ka ga hoton da ka ɗauka ta riga ta haɗa hotuna da dama, ta ƙara haske a nan, ta rage a can. Saboda haka maganar a taɓa ko kada a taɓa ba ta ma taso ba. Tambayar da ta dace ita ce: me hoton yake cewa shi ne, kuma mai kallo ya san abin da aka yi masa?

Nan ne ƙarya take shigowa. A Tarayyar Sobiyet, bayan an kashe Nikolai Yezhov, tsohon shugaban 'yan sandan ciki, a 1940, an goge shi daga hoton da yake tafe kusa da Stalin, jagoran ƙasar, a bakin ruwa, aka cike gurbinsa da ruwa, aka ci gaba da nuna hoton a matsayin tarihi. A 2006, kamfanin dillancin labarai na Reuters ya gano wani mai ɗaukar masa hoto ya ƙara wa hayaƙin da ke tashi a birnin Beirut yawa da duhu, sai ya raba gari da shi, ya kuma cire hotunansa 920 daga rumbunsa. A gasar World Press Photo ta 2015, ɗaya cikin biyar na hotunan da suka kai zagayen kusa da ƙarshe an fitar da su saboda an yi musu gyaran da ya wuce ƙa'ida. Duk waɗannan hukunce-hukunce daidai ne, domin hoton labari shaida ne, kuma mai ba da shaida ba ya ƙari ba ya ragi.

Amma ga abin da nake so masu ƙin editin su tsaya su duba. A rikicin Jihar Filato na watan Yunin 2018, hotuna masu tayar da hankali sun yi ta yawo a Facebook ana cewa ga abin da ke faruwa. Binciken da BBC ta yi daga baya ya nuna cewa ɗaya daga cikinsu, hoton bidiyon wani mutum da aka sara a ka, a Kwango Barazabil aka ɗauke shi, shekaru kafin rikicin. 'Yan sandan jihar sun ce irin waɗannan hotuna sun ƙara rura wutar da ta ci rayuka. Hoton na gaske ne. Ƙaryar tana cikin layi biyun da aka rubuta a ƙarƙashinsa. Da za a hana kowa buɗe manhajar gyaran hoto a duniya, da wannan ɓarnar ba ta ragu da komai ba.

To idan hoton da ba a canza ba zai iya zama makamin ƙarya, hoton da aka yayyanka aka ɗinke zai iya zama mai gaskiya. Kuma muna da 'yar gida da ta daɗe da nuna haka, sai dai ba mu cika jin sunanta a bakinmu ba. Fatimah Tuggar, haifaffiyar Kaduna ce a 1967, ta yi digirinta na biyu a fannin fasaha a Jami'ar Yale ta Amurka. Tun tsakiyar shekarun 1990, lokacin da yawancinmu ba mu taɓa taɓa kwamfuta ba, take ɗaukar hotunan mata a gidaje da kasuwannin Arewa, ta yanko su, ta haɗa su da guntayen tallace-tallacen Turawa da kayan zamani. A wani aikinta na 1997 za ka ga mace zaune a ƙasa cikin shigarmu tana murmushi, ga kwamfuta da tarho a gabanta, kuma a fuskar kwamfutar hoton matar ne da kwamfutar yake ta maimaituwa, ɗaya cikin ɗaya. Ba ta ɓoye ɗinkin. Kana kallo ka san haɗi ne, kuma haɗin shi ne maganar: wa ya ce wannan mace da wannan na'ura ba za su zauna a tabarma ɗaya ba? Wa ya raba wa duniya cewa wasu su ne masu zamani, wasu kuma 'yan kallo? Ta kuma yi wani aiki inda ta ɗora faifan kaba, irin na rufe ƙwarya, a inda ake ɗora faifan garmaho. Duk Bahaushe yana gani zai gane, domin daga wancan faifan wannan ya samo sunansa. Bature sai an yi masa bayani. Abin da ya fi burge ni ke nan: aiki ne da ya zagaya duniya amma da harshenmu yake tunani.

Wadda aikinta ya fi taɓa ni kuwa ita ce Joana Choumali, 'yar Kwaddibuwa. Ranar 13 ga Maris, 2016, 'yan bindiga suka buɗe wuta a bakin tekun garin Grand-Bassam da ke ƙasarta suka kashe mutum 19. Makonni kaɗan bayan haka ta shiga garin tana ɗaukar hotuna da wayarta: mutane a tsaye su kaɗai, a zaune, suna tafe a titi, kowa ya yi shiru. Idan ka ga hotunan haka nan, ba za ka san an yi wani abu a garin ba. Baƙin ciki ba ya fita a kyamara, balle a wurin da kowa ka tambaya sai ya ce maka komai zai wuce. Sai ta buga hotunan a kan ƙyalle, ta ɗauki allura da zare mai launi ta shiga yi musu ɗinki da hannu, a sama, a jikin bango, a kewayen mutanen. Hoton da aka ɗauka cikin ƙiftawar ido ya koma aikin kwanaki da makonni. Zaren ya fito da nauyin da ke zuciyar mutanen, ya kuma nuna tsawon lokacin da ita ta zauna da abin a ranta. Da wannan aiki ta ci kyautar Prix Pictet ta masu ɗaukar hoto a 2019, ita ce 'yar Afirka ta farko da ta ci. Haka ita ma Njideka Akunyili Crosby, 'yar marigayiya Dora Akunyili, takan kwafo hotunan danginta da na mujallun Najeriya ta manna tawadarsu a kan takarda, sannan ta yi zane a kai.

Da na fara ganin aikin Choumali, garuruwanmu ne suka faɗo mini a rai. Mu da muke da masu ɗinkin hula a kowane lungu, masu zama wata guda a kan aska takwas ta babbar riga. Mu da muke da marinar Ƙofar Mata, da dukawa masu aikin fata, da masu lalle, da magina masu shafen bango irin na tsohon birnin Zariya da Damagaram, da masu zayyanar allo. Mu da muka sha abin da Grand-Bassam ta sha, ninkin-ba-ninki, daga Borno zuwa Zamfara zuwa Diffa, kuma mu ma "sai haƙuri" muke ce wa juna mu wuce. Kayan aikin duk suna hannunmu. Akwai wata tsohuwar dabara ta buga hoto da hasken rana, wadda aka gano a Ingila a 1842: a shafa wa takarda ko ƙyalle ruwan wasu gishirin ƙarfe guda biyu, a bari ya bushe a inuwa, a ɗora nagetif ko ganye ko leshi a kai, a shanya a rana, a wanke da ruwa zalla, sai hoton ya fito shuɗi. Shuɗin ba na baba ba ne, amma ido zai ce 'yan ɗaki ɗaya ne. Ba ta buƙatar lantarki ko ɗaki mai tsada, rana kuwa muna da ita har ta yi yawa. Ka buga hoton tsohon gidanku a kan farin yadi da wannan dabara, ka kai wa mai ɗinkin hula ya bi ƙofar zauren da zare, ka ga abin da zai fito. A Zariya ne ma, a 1958, ɗaliban fasaha irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu a kan cewa a haɗa dabarar da aka koyo daga waje da abin da aka gada a gida. A ƙofar gidanmu aka yi wannan magana, masu kyamararmu ne ba su ɗauka ba tukuna.

Maimakon haka, me muke yi? Yaron da zai iya raba gashi ɗaya da ɗan'uwansa a fuskar kwamfuta, ya kwana yana mayar da baƙar amarya fara. Fostar ɗan takara ta fito an rage masa shekara ashirin. Hotunan kafin aure duk sun koma fuska ɗaya, santsi ɗaya, hanci ɗaya. Garin neman gira muna rasa ido. Kuma ba zan ɗora wa yaron nan laifin shi kaɗai ba, domin gaskiya ya faɗa da ya ce kowa haka yake so. Idan ya kai hoto da launin mutum na ainihi, akwai masu mayar masa su ce ya ɓata su, wani ma ya hana shi cikon kuɗinsa. Abin da man bilicin yake yi wa fata, shi filta take yi wa hoto, kuma ciwon guda ne. Yarinyar da ta tashi tana ganin duk matan gidansu sun fi yadda suke haske a albam, me muka koya mata game da fuskar da take gani a madubi?

Wani zai kawo maganar addini, kuma tana da wurin zama. Cikin hujjojin da malaman da suka halatta hoton kyamara suka kafa akwai ta Shehu Muhammad Bakhit, tsohon Muftin Masar da ya rasu a 1935, wanda ya ce wannan tsare inuwa ne kawai, kamar abin da madubi yake yi. Idan hannu ya shiga yana sauya kamanni, mai tambaya yana da damar ya ce shin har yanzu madubi ne? Ina so malamanmu su zauna a kan wannan da natsuwa. Abin da na lura da shi dai, a wannan ma'auni, wanda ya kankare hancin mutum ya sauya masa launin fata ya fi kusa da inda ake tsoro fiye da wadda ta bar fuskar yadda Allah ya yi ta, ta yi ɗinki a kewayenta. Amma na farkon ne muka mayar ruwan dare, ba mai ɗaga gira.

Akwai kuma iyakar da sunan fasaha ba ya ɗauke wa kowa. Fuskar mutum tasa ce. Ɗaukar hoton 'yar mutane daga shafinta a ɗora kanta a jikin da ba nata ba zalunci ne, ko da wace irin gwaninta aka yi shi, kuma mun san yadda irin wannan yake kashe aure ya zubar da mutuncin gida a ƙasarmu. Yanzu da ƙirƙirarriyar basira ta zo, abin ya ƙara sauƙi. A 2023, wani Bajamushe mai suna Boris Eldagsen ya shiga gasar hoto ta duniya ta Sony da hoton wasu mata biyu da ba su taɓa rayuwa ba, na'ura ce ta ƙirƙire su. Ya ci rukunin da ya shiga, sannan ya ƙi karɓar kyautar, ya ce irin wannan da hoton kyamara abubuwa ne daban, bai kamata su yi takara wuri ɗaya ba. Na yarda da shi. A kira kowane abu da sunansa. Faransa tun Oktoban 2017 ta wajabta a rubuta a jikin talla idan an rage ko an ƙara wa jikin mai tallar. Norway ta bi a 2022, tata dokar ma ta haɗa har da gyaran fata. Mu kafin a kai ga doka, jaridunmu da masu manyan shafuka za su iya ɗora wa kansu: hoton labari kada a ƙara masa kada a rage, a faɗi inda aka ɗauke shi da ranar, hoton haɗi kuma a rubuta cewa haɗi ne. Mai hoton biki shi ma tambaya ɗaya ta ishe shi kafin ya taɓa fuskar kowa: "Hajiya, a bar shi ko a gyara?" Da an yi wa Iya wannan tambaya, na san amsar da za ta bayar.

Na koma wajen yaron na roƙe shi ainihin hoton, Allah ya sa bai goge ba. Da ya buɗe shi a kwamfuta muka tsaya muna kallo tare, zanen nan ya fito raɗau, kowane layi da inuwarsa. Na sa an buga mini shi babba a kan farin yadi mai kauri, na kai wa wani dattijo mai ɗinkin hula a unguwarmu, na ce ya bi zanen da zare, ya yi wa mayafin ado irin wanda ransa ya ba shi, amma kada ya taɓa idanun. Ya juya yadin a hannu ya ce bai taɓa ɗinki a kan fuskar mutum ba, sai dai zai gwada. Yaron hoton ma ya ce in an gama yana so ya zo ya gani.

Da na gaya wa Iya abin da ake yi, ta tambayi launin zaren, na ce shuɗi. Ta gyaɗa kai. Har na kai bakin ƙofa ta kira ni, ta shafa kuncinta ɗaya, ta shafa ɗayan, ta ce, "Ka gaya masa shida ne a nan, bakwai a nan. Kada ya ce zai daidaita su."